Direba Ne Kawai

Abin da likitan nan ya yi mini shi ne, ya sa 'yata ta ba da shaida a kaina a gaban mutane, da ta yi ƙarya don ta rufa mini asiri kuma ya zaro waya ya ƙaryata ta. A falonsa aka yi, ranar Lahadin farko bayan sabuwar shekara, a kan maganar fim. Fim fa, ba gado ba, ba fili ba. Shekara guda ke nan da 'yan kwanaki.

Ni direba ne. A Hyattsville nake zaune, bene hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Aikina ɗauko masu wankin ƙoda daga gidajensu in kai su asibiti, in jira, in mai da su. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, ba na ɓoye wa kowa. Turancina na aiki ne: lambar gida, sunan titi, yaya jiki, ɗaura bel. Da shi na ciyar da iyali shekara ashirin da uku, bai taɓa ba ni kunya a kan titi ba. Amma Turancin fim, wanda suke yi ƙasa-ƙasa kamar ba sa so haƙoransu su rabu, rabi nake kamawa. Ga kunnen hagu ya fara nauyi.

Likitan nan, unguwarmu ɗaya da shi a can gida, na girme shi da shekara biyu. Mahaifinsa malami ne mai zafi, ya hana 'ya'yansa ko bin ƙofar sinima. Ni kuwa ba mai hana ni. Ina karen mota a tasha, abin da na samu in yanki tikiti in shiga kallon Indiya. Ba wanda yake jin Indiyanci a cikinmu, kuma bai taɓa damun mu ba, don ba da kunne muke kallo ba. Fuska ake karantawa. Ka duba wanda yake sunkuyar da kai in wani ya shigo, wanda yake fara sa hannu a abinci, wadda take kau da ido. Daga nan ka san uba, ka san bos, ka san wadda akta zai aura. Maganar bakinsu kuwa kai za ka sa musu. Washegari bayan la'asar sai a taru a dakalin bayan gidansu, in tsaya in ba da labarin tun daga farko, da muryar kowa, har da kiɗan. Shi ne kullum a gaba, da rakensa a hannu ya kawo mini, yana cewa, "Yaya, sai me ya faru?"

A cikin duk waɗanda na ba su, akwai ɗaya da bai manta ba, labarin wani makaho mai tuƙa kwalekwale da yake ƙetarar da mutane kogi, har ranar da ya ƙetarar da ɗansa bai sani ba. Ya yi kuka ranar, da majina da komai. Ko a nan Amurka ya sha faɗa a taro cewa bai taɓa jin fim kamarsa ba, ya neme shi a intanet ya gaji bai samu ba. In ya faɗa sai in kurɓi shayina.

Ya riga ni zuwa ƙasar nan, karatu ya kawo shi. Da muka sake haɗuwa Yaya ya ɓace, na koma "mutumina." Mutum yana da gida mai gareji biyu can gaba da Wheaton, ba zan tsaya ina tuna masa rake ba.

Duk shekara yana tara mu a gidan nan bayan hutun ƙarshen shekara. Matarsa ta yi masa da miyar taushe da farfesu, maza a falo, mata a wajen kicin, yara a ɗakin ƙasa. Tun da yara suna jan iyayensu sinima a hutun, sai ya zama al'ada bayan an ci an sha kowa ya faɗi abin da ya kalla da yadda ya gan shi. Ni dai sauraro ne nawa, don ƙoda ba ta san Kirsimeti ba. Abokan aikina Kiristoci suna hutu, ni nake riƙe musu mota, su ma su riƙe mini ranar Sallah.

Bara sai na samu kwana ɗaya. 'Yata, ita kaɗai Allah ya ba mu, tana da shekara sha shida lokacin. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, tun tana 'yar shekara bakwai Hausa ta daina fita daga bakinta in ba gaisuwa ba. Ni da ita hirarmu ba ta wuce kin ci abinci, kin yi sallah, rufe ƙofa. Ina fita tana barci, in dawo tana ɗaki da abu a kunne. Ranar ita ce ta leƙo falo ta ce da Turanci, "Dadi, mu je sinima." Sai da na waiga in ga ko da wani take.

Ta yanki tikiti a waya, na ƙarfe huɗu da rabi. A hunturun nan magariba tana faɗuwa kafin biyar. Muka zauna, aka fara talla. A sinimar garinmu talla da waƙe-waƙe sukan ci wajen rabin awa kafin a saki fim, sai na ɗauka haka ne a ko'ina. Na ce mata bari in yi sallah in dawo. Na yi alwala a ban ɗaki, na fita wajen fakin na shimfiɗa sallaya a gefen mota, sanyi yana cizon kunnena. Da na dawo har an yi nisa. Ban tambaye ta abin da ya wuce ba. In tambaya don me? Ni da na sha shiga fim a tsakiya in fito in ba da shi cikakke.

Ga abin da na gani. Wani dattijo mai furfura yana tuƙa tsohuwar mota cikin dusar ƙanƙara. A kujerar baya wata budurwa, ta rungume agogon bango a naɗe cikin bargo, ba ta kallonsa. Shi kuwa yana satar kallonta ta madubi. Suka tsaya cin abinci, ya raba burodi biyu ya tura mata babban. Mota ta maƙale, ya cire kwat ɗinsa ya yafa mata, ya fita yana turi da 'yar shara. Ta yi kuka, ya juya yana kallon taga kamar mai jin kunya. Can wajen ƙarshe ta buɗe ƙofar baya ta dawo gaba ta zauna kusa da shi. Ya sauke ta a ƙofar wani gida, ta rungume shi, ya ja mota ya sha kwana ya tsaya ya kifa kai a sitiyari.

Ni a wurina ba wani abin tambaya. Uba ne da ya gudu ya bar 'yarsa tana ƙarama, ya dawo da furfura yana neman gafara. Fushi ne ya zaunar da ita a baya. Ni da nake kwana ina tashi da mutane a kujerar baya, ban kawo komai a raina ba.

A mota ta tambaye ni da Turanci yaya na ga fim ɗin. Na ce ya yi kyau, amma uban ya yi sake, da bai bari ta girma haka ba kafin ya dawo. Ta juyo ta dube ni. Muka wuce danja biyu. Sai na ji ta ce, da Hausa, Hausarta mai karkacewa kamar ta ɗan koyo:

"Baba, me ya sa ya tafi?"

Saura kaɗan in hau kan mota ta gaba. Na gyara zama na fara. Na ba ta dalilin tafiyarsa, na ba ta abin da uwar ta ce kafin ta rasu, na gaya mata agogon nan shi ya saya ranar sunanta. Na yi muryar dattijon, na yi ta budurwar, ta yi dariya har tana dukan gwiwa. Muka iso Hyattsville labari bai ƙare ba, na yi fakin na bar hita a kunne muka zauna. Tana ta tambaya, duk da Hausa. In kalma ta ɓace mata sai ta tsaya ta lalubo, ba ta tsallaka Turanci ba ko sau ɗaya. Da na kai inda ya kifa kai a sitiyari ta ce, "Baba, naka ya fi daɗi." Na ɗauka yabon baki take yi mini. Na hau bene ranar ban ji ciwon gwiwata ba.

Kwana tara bayan nan muka je gidan likita. Aka ci masa, aka zauna. Wani injiniya a cikinmu ya fara, ya ce ya kalli na 'yan sama jannati, an kashe dukiya an rasa labari. Mutumin Kumasi, mai shagon kayan abincinmu a Wheaton, ya ce jikoki sun kai shi katun, da Hausarsa da mace ma "shi" ce.

"Jikana ya ce Kaka ka duba, ka duba. Ni ina duba cikin idona. Barci mai tsada kamar wannan ban taɓa yi ba."

Wani mutumin Damagaram ya ce, "Kai ko a masallaci haka kake, balle an kashe maka wuta an ba ka kujera mai laushi."

Aka yi dariya. Likita ya karɓa, ya yi ta bayani a kan haske da kyamara, rabi Hausa rabi Turanci, har shayi ya huce. Da ya gama mutumin Kumasi ya juyo kaina.

"Direba, kai fa? Bana ma ƙoda ne?"

Na ce a'a, bana na kalla. Kuma na miƙe tsaye, don ni ban iya ba da fim a zaune ba.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Falo ya yi tsit. Injiniya ya ajiye wayarsa. Mata suka fito daga kicin suka tsaya a bakin ƙofa. Shekara talatin rabon da in ga idanu a kaina haka. Ina cikin muryar dattijon 'yata ta shigo da tiren shayi. Muka haɗa ido. Ta girgiza mini kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Na gani. Wallahi na gani, kuma ni mai karanta fuska ne, na san abin da fuskar nan take cewa. Amma daɗin baki ya ja ni, na kau da kai na ci gaba. Wannan ba likita ya yi mini ba, ni na yi.

Da na kai ƙarshe wata a cikin matan tana share ido. Likita ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana murmushi.

"Mutumina, mai agogo a bargo? Ai ni da madam mun kalle shi. Ba ubanta ba ne."

Na ce, "Ubanta ne."

"Haba mutumina."

"Dakta, da idona na gani."

Da a nan ya tsaya, da ya ce mini na yi kuskure aka yi mini dariya aka wuce, wallahi da ban rubuta wannan ba. An sha yi mini dariya a ƙasar nan, fatata ta yi kauri. Sai ya ɗaga hannu ya yafito yarinyar.

"'Yata, zo nan. Ke kika kai shi, ko? Tsakaninki da Allah, mutumin nan ubanta ne?"

Tana riƙe da tire. Ta dube ni, ta dube shi. Manya goma sha suna kallonta, ga uwarta a bakin ƙofa. Ta buɗe baki ta ce, da Hausa, a gaban mutanen da ba su taɓa jin Hausa a bakinta ba sai gaisuwa:

"Ubanta ne."

Ya sa tabarau. Ya zaro waya ya lalubo, ya karanta da Turanci da ƙarfi, sannan ya juyo ya fassara mini a hankali kamar yana yi wa mara lafiya bayanin magani.

"Direba ne kawai. Haya ta ɗauke shi a farkon fim, ya kai ta garin kakarta. Ba su taɓa ganin juna ba."

Mutumin Damagaram ya buga cinya ya juya wajen likita. "Lokotoro, ka ce direba bai gane direba ba!"

Falo ya ɗauka. Ban ga laifinsu ba, abin dariya ne. A cikin dariyar likita ya nuna ta da waya ya ce mata da Turanci, wannan kam na ji shi tas, wai ta iya kare mai laifi, lauya ya kamata ta zama, amma a ƙasar nan ba a rantsuwa a kan ƙarya ko don uba. Ta ajiye tiren. Ta fita. A mota muka same ta, ba ko jaket a jikinta.

Yanzu ga inda ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ban ce mata sannu ba. Ban ce na gode ba. Tun kafin mu fita layinsu na fara yi mata tsawa. Na ce kin sani tun ranar, kika bar ni kwana tara ina yawo da shirme a baki. Na ce kin zauna a mota kina yi mini tambaya kina dariya, ashe mahaukaci kika samu. Na ce ku 'ya'yan ƙasar nan haka kuke, ubanku abin wasa ne. Uwarta tana cewa ya isa, ya isa, ban ji ba. Yarinyar tana baya, ina ganinta ta madubi. Da na yi shiru ta ce da Turanci, a hankali, ita nawa ta fi so, shi ya sa.

Daga ranar Hausa ta koma inda ta fito. Baba ya tafi, Dadi ya dawo. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ko sau ɗaya. Tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa. In na yi mata magana ta amsa da Turanci, gajere, ta wuce. Na sayo mata takalmin sanyi mai kyau na ajiye a ƙofar ɗakinta, ta ce ta gode, da Turanci. Uwarta ta ce mini, "Malam, ba takalmi take jira ba." Na sani. Sau nawa ina tsayawa a ƙofar nan da maganar a bakina, sai in ji kaina ina tambaya ko ta yi sallah. Ni a gidanmu ban taɓa jin uba ya ce wa ɗa yi haƙuri ba, ban san ta inda ake kamo ta ba. Ba hujja ba ce, faɗa kawai nake yi.

Wata rana ina jiran wani tsoho a wajen asibiti na nemo fim ɗin a waya na kalla daga farko, da rubutu a ƙasa. Minti biyar ba a yi ba ga budurwar tana ciniki da dattijon a bakin tasha. Likita bai yi ƙarya ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Na kalla har ƙarshe duk da haka. Yana nan dai ya tura mata babban rabin burodin.

Hutun bana na sake samun kwana ɗaya, na roƙa ne ma aka ba ni. Na yi wanka na zauna a falo tun azahar. Ta fito da jaka ta ce ƙawayenta suna jira a ƙasa, sinima za su. Na ce a dawo lafiya. In Allah ya kai mu kaka za ta shiga jami'a a College Park. Tafiyar minti ashirin ce daga gidanmu, amma ta ce a makaranta za ta zauna. Watannin da suka rage mini da ita a gida ɗaya ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Taron likita na bana ban je ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, na biya shagon mutumin Kumasi in sayi daddawa da garin tuwo. Ina tsaye a kanta sai ga likita da kwandonsa, yana ƙanshin turare.

"Mutumina! Ba mu gan ka ba ranar Lahadi. Taro ya yi lami, ba mai ba da labari." Ya dafa kafaɗata. "Kar dai ka ce har yanzu fushi kake a kan wasa?"

Ya juya wajen mai shago.

"Alhaji, ba ka san mutumin nan ba. Da muna yara ya ba mu wani fim na makaho mai kwalekwale, har yau ban ga kamarsa ba. Na neme shi na gaji."

Na ajiye daddawar a kan kanta. Na cire hannunsa daga kafaɗata, ba da ƙarfi ba. Na ce:

"Dakta, daina nema, babu shi. Ranar ruwa aka yi, sinimarmu ba rufi, ba a nuna komai ba. Na zo dakali na same ka da rake kana jira, na ji kunyar in ce maka babu, na ƙirƙiro shi daga farko har ƙarshe. Ka yi kuka, ka ce in maimaita, na maimaita. Shekara arba'in kana yawo da ƙaryata kana yabo, ban taɓa kiran kowa ya zo ya yi shaida a kanka ba. Ni ka gyara mini, ka fi ni karatu, ba komai. Amma yarinya ta ga ubanta zai faɗi ta tare shi, ka kira ta maƙaryaciya a gaban uwarta. Tsawar da na yi mata a mota tawa ce, ni zan ɗauki abina, yau ɗin nan in Allah ya ba ni baki. Taka kuwa tana nan tana jiran ka. Ka san gidan, hawa na uku, ba lifta. Ka hau ka ce mata ba ƙarya ta yi ba, rufin asiri ta yi. Kuma da Hausa za ka faɗa mata, ko Allah zai sa ta amsa."